Yadda Za Ka Saurari Bruce Springsteen Har Ka Gane Abin da Yake Faɗa

Na fara jin muryar Bruce Springsteen ne a motar wani kawuna da ke jigilar fasinja tsakanin Bauchi da Jos, daga wani kaset da ya sha jiki har sai an zura masa biro an naɗe zarensa kafin ya yarda ya yi magana. Waƙar da Kawu ya fi maimaitawa ita ce "Born in the U.S.A.", kuma da shi da ni da fasinjojin da ke kaɗa kai duk mun ɗauka kirari ne wani Ba'amurke yake yi wa ƙasarsa, domin iyakar abin da kunnenmu ke kamawa shi ne amshin, inda yake ta nanata cewa a Amurka aka haife shi, ganga kuwa tana dukan ƙirji. Sai bayan shekaru masu yawa, ranar da na zauna da rubutattun baitocin a gabana, na gane cewa mutumin kuka yake yi. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda yake so ya san wannan mawaƙi sani na haƙiƙa, ba sanin shanu ba, kuma hanyar da zan shimfiɗa ita ce wadda na bi da ƙafata: a tanadi faya-fayansa cikakku, a saurare su bisa jerin shekarun da suka fito, a ba kalmomi haƙƙinsu kafin kiɗa, sannan a je ga wasanninsa na dandamali.

An haifi Springsteen ranar 23 ga Satumba, 1949, ya kuma tashi a Freehold, wani ƙaramin garin ma'aikata a jihar New Jersey ta Amurka. Mahaifinsa, Douglas, ya yi aikin masaƙar kafet, ya yi tuƙin bas, ya yi gandiroba, ba tare da ya zauna daram a kan aiki ɗaya ba. Mahaifiyarsa, Adele, sakatariya ce a ofishin lauyoyi, kuma ita ce ta ci bashi ta saya masa jita ta dala 60 yana matashi. Ka riƙe waɗannan mutane biyu a zuciyarka, domin kusan duk abin da zai rera nan gaba yana komawa ne ga gidan nan nasu. Kamfanin Columbia ya ɗauke shi a 1972, ya fitar da albam biyu a 1973 waɗanda ba su ci kasuwa ba, kuma a wancan lokaci ne ya fara tafiya da ƙungiyar makaɗansa da ake kira E Street Band.

Abin da za ka tanada

Kuskure na farko da yawancinmu muke yi shi ne mu miƙa waya ga mai tura waƙoƙi a kasuwa mu ce ya zuba mana na wane, shi kuwa ya kwaso waɗanda suka yi tashe, ya haɗa ta 1975 da ta 2002 a wuri ɗaya, wayar kuma ta jera su bisa haruffa. Wannan hanya tana yi wa wasu mawaƙa daidai, amma Springsteen ba ya cikinsu, domin shi albam yake ginawa kamar yadda ake gina gida, waƙar farko ita ce zaure, ta ƙarshe ita ce ƙuryar ɗaki, kuma yakan yar da waƙoƙi masu daɗi da dama don kawai ba su dace da ginin ba. Saboda haka ka nemi kowane albam cikakke, ka tabbatar da jerin waƙoƙinsa kamar yadda ya fito, ka kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Idan ta intanet za ka sauke, sauti kaɗai ba ya cin data sosai, kuma ka bar bidiyo sai an zo maganar dandamali.

Bayan wannan kana bukatar abin sauraro na kunne mai kyau gwargwadon hali, da rubutattun baitocin, waɗanda ake samu a shafinsa na intanet da wasu shafukan, da ƙamus, da ɗan littafin rubutu. Kana kuma bukatar lokacin da hayaniya ta lafa. Ni bayan sallar isha'i na fi samun natsuwa, musamman a lokacin hunturu da garin Bauchi ke yin tsit da wuri. Majalisar mai shayi wurin hira ce, ba wurin wannan aiki ba. Ya kamata kuma in faɗa tun yanzu cewa a cikin waƙoƙin akwai maganar giya da kisa da cikin da aka yi kafin aure, ba don yana tallar su ba, sai don rayuwar mutanen da yake ba da labarinsu ke nan. Mai iyali ya san abin da zai kunna a tsakar gida da wanda zai bari a kunnensa.

Kowane albam sau uku za ka saurare shi. A karo na farko kada ka duba rubutu, ka bar kunnenka ya saba da muryar, wadda take da kaushi, da kayan kiɗan: jita, fiyano, ganga, da wani ƙahon ƙarfe da ake kira saksofon, da 'yar sarewar baki mai ramuka da yawa da ake kira harmonika. A karo na biyu ka riƙe baitocin kana bi layi-layi, kana tsayawa kana duba kalmar da ta shige maka duhu. A karo na uku ka yi wa kowace waƙa tambayoyi huɗu, ka rubuta amsarsu da Hausa a littafinka: wa ke magana, da wa yake magana, a ina suke, kuma me ya rasa ko yake tsoron rasawa.

Tambayar farko ita ce mafi muhimmanci ga Bahaushe, domin mun saba da cewa idan mawaƙi ya ce "ni", to kansa yake nufi, kamar yadda Shata ke wasa kansa a Bakandamiya, kuma mun saba da waƙar da aka yi wa wani sananne, sarki ko attajiri ko ɗan siyasa. Springsteen ba ya yi wa kowa waƙar yabo, kuma "ni" ɗinsa sau da yawa ba shi ba ne: wani lokaci lebura ne, wani lokaci ɗan sanda, wani lokaci wanda ke jiran hukuncin kisa. Idan ana neman makusancinsa a cikin namu, to Ɗan Maraya Jos ne, wanda ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da wasu ke bin fada. Wanda ya taɓa jin yadda Ɗan Maraya ke kallon talaka da idon tausayi ba tare da ya ɓoye aibinsa ba, ya riga ya sami mabuɗin wannan ƙofa.

Bin faya-fayan a jere

Ka fara da "Born to Run" na 1975, ka bar biyun farko sai daga baya. Waƙoƙi takwas ne, ba su cika minti arba'in ba, amma ya shafe fiye da shekara yana aikinsu, waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta kaɗai ta ci wata shida, domin ya san idan wannan ma bai karɓu ba kamfanin zai iya sallamarsa. A faifan garmaho fuska biyu ce, kowace da waƙa huɗu, kuma ka lura da yadda ya tsara su: kowace fuska tana buɗewa da buri, tana rufewa da asara. Ta farko ta fara da "Thunder Road", inda saurayi ya tsaya da motarsa a ƙofar gidan su budurwa yana roƙonta ta shigo su bar garin da ba a ci gaba a cikinsa, ta ƙare da "Backstreets", labarin amanar da aka ci. Ta biyu ta fara da "Born to Run", waƙar masu shirin gudu daga gari, ta ƙare da "Jungleland", waƙar da ta haura minti tara, wadda a tsakiyarta Clarence Clemons, mabushin ƙungiyarsa, ya yi doguwar busa da saksofon. Idan ka zo wannan busa ka ajiye takarda ka rufe ido, domin a nan kayan kiɗa ne ke ƙarasa zancen da baki ya kasa. Albam ɗin ya karɓu har mujallun Time da Newsweek suka sa hotonsa a bangonsu a mako guda cikin Oktoban shekarar.

Daga nan sai shari'a ta ɓarke tsakaninsa da manajansa na farko, Mike Appel, wadda ta hana shi shiga sutudiyo har aka sasanta a 1977, shi ya sa "Darkness on the Edge of Town" bai fito ba sai 1978. Za ka ji bambancin tun daga waƙar farko. Dogayen baitoci masu ado sun tafi, kalmomin sun zama gajeru masu nauyi, kuma mutanen da suka ce za su bar gari ga su nan ba su je ko'ina ba. A nan ne zan ba ka wani aiki da ya fi kowanne amfani a wurina wajen gane yadda mutumin nan ke rubuta waƙa, wato ka bi mota. Ka ware shafi guda a littafinka, duk waƙar da mota ta fito a ciki ka rubuta shekararta da abin da motar take nufi. A 1975 mota hanyar tsira ce. A 1978, cikin "Racing in the Street", mai motar yana tsere da ita don kuɗi, yana ci, amma matar da ya samo a wajen tseren tana zaune a ƙofar gida fuskarta ta yamutse, burinta ya mutu. A 1982, cikin "Used Cars", yaro ne ke ba da labarin ranar da mahaifinsa ya je sayen mota ta hannu, dillali yana kallon hannuwan uban da aiki ya cinye, uwar tana murza zoben aurenta, maƙwabta suka fito kallo, yaron kuwa kunya ta rufe shi yana rantsuwa a ransa cewa idan ya yi arziki ba zai ƙara hawa tsohuwar mota ba. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa wajen dillalan 'yan Kwatano, ya ga yadda dattijon ke lissafi a zuci yana murmushin ƙarfin hali, ba ya bukatar a fassara masa wannan waƙa sau biyu.

Shafi na biyu ka ware shi ga uba. "Adam Raised a Cain" da "Factory" suna cikin albam na 1978, "Independence Day" a na 1980, "My Father's House" a na 1982. Kunnen Bahaushe zai iya jin zafin yadda ɗa ke magana a kan mahaifinsa a ta farkon, domin ba tarbiyyarmu ba ce a fito da saɓanin ɗa da uba a bainar jama'a, amma ina roƙonka ka yi haƙuri ka bi su a jere. A "Factory" yana kallon uban yana shiga ƙofar masana'anta da sassafe cikin ruwan sama, masana'antar da ke ciyar da shi kuma take cinye masa ji. A ta ƙarshen ɗan ya yi mafarkin gidan ubansa, ya farka ya tuƙa mota ya je don su shirya, sai wata baƙuwar mace ta leƙo ta ce masa babu mai wannan suna a gidan yanzu. Fushin da aka fara da shi ya koma nadama, kuma ba za ka ga wannan tafiya ba idan waƙa ɗaya ka tsinta a cikin wayarka.

"The River" na 1980 faifai biyu ne, waƙoƙi ashirin, ya haura awa ɗaya da minti ashirin, don haka wanda ya sa shi a kunne daga tashar mota a Bauchi zai gama shi kafin ya shiga Gombe. An cakuɗa waƙoƙin rawa da na baƙin ciki da gangan. Wadda za ka fi daɗewa a kanta ita ce mai sunan albam ɗin, wadda ya gina a kan rayuwar ƙanwarsa da mijinta: saurayi da budurwa, ciki ya shiga, aka ɗaura aure a kotu ba biki ba walima, ya sami aikin gini, tattalin arziki ya karye aikin ya yi wuya, kogin da suke zuwa suna yara kuma ya ƙafe.

Sai "Nebraska" na 1982, wanda a ganina shi ne ma'aunin da ke nuna ko mutum ya fara jin mawaƙin ko har yanzu kiɗan yake bi. A farkon watan Janairun shekarar ya zauna shi kaɗai a ɗakin kwanansa a garin Colts Neck na New Jersey da jita da harmonika da wata ƙaramar na'urar ɗaukar sauti mai layi huɗu da ke aiki da kaset, ya rera sababbin waƙoƙi don makaɗansa su ji su koya. Ya riƙa yawo da kaset ɗin a aljihu ba ko murfi. Da suka shiga sutudiyo suka sa cikakken kiɗa, sai aka ga abin da ke cikin kaset ɗin ya gudu, daga ƙarshe aka haƙura aka fitar da na aljihun. Matasanmu da ke ganin sai sun tara kuɗin babban sutudiyo a Kano ko Kaduna kafin su yi abin kirki, ya kamata su zauna da wannan albam. Ka saurare shi da dare, kai kaɗai, kuma ka tsaya a kan "Highway Patrolman". Ɗan sanda ne mai riƙon amana yake ba da labarin ɗan'uwansa da ya dawo daga yaƙi ya zama fitinanne. Wata rana aka kira shi cewa an yi faɗa a mashaya, wani yaro yana kwance cikin jini, kuma ɗan'uwan nasa ne ya aikata. Ya bi shi da mota cikin dare har suka kusa iyakar Kanada, sai ya gangara gefen hanya ya tsaya yana kallon fitilun bayan motar suna ɓacewa. Mawaƙin bai ce ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba. Mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma muke kukan yadda sanayya ke kashe gaskiya a ma'aikatunmu, mun fi kowa sanin cewa duka biyun suna da nauyi. Ka rubuta a littafinka abin da kai za ka yi, sannan ka sake saurara.

Yanzu ka isa "Born in the U.S.A." na 1984 da kunnen da ya shirya. Waƙoƙi goma sha biyu ne, bakwai daga ciki suka shiga sahun goma na farko a jadawalin waƙoƙin Amurka, kuma shi ne ya mai da shi sananne a duniya har kaset ɗinsa ya iso motar Kawu. Manazarta waƙar baka suna cewa waƙa tana da gindi, wato amshin da ake maimaitawa, tana da ɗiya, wato baitocin da ke tsakani, to a nan ka rufe gindin da hannu ka karanta ɗiyan kaɗai. Yaro ne da aka haifa a garin da ba shi da mafita, ya shiga wata rigima, aka ba shi bindiga aka tura shi yaƙin Biyetnam. Ya dawo ya je matatar mai neman aiki, mai ɗaukar ma'aikata ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Ya je ofishin kula da 'yan mazan jiya, nan ma ba a share masa hawaye ba. Ɗan'uwansa ya mutu a fagen daga, sai hoto ya rage. Shekara goma ke nan ba shi da inda za shi. Bayan ka karanta wannan, ka buɗe gindin, za ka ji cewa ihun nan na "a nan aka haife ni" ƙorafi ne na ɗan ƙasa da ke neman haƙƙinsa. Ba mu kaɗai muka yi kuskuren ba. A watan Satumba na 1984 shugaba Ronald Reagan, yana yaƙin neman zaɓe a New Jersey, ya ambaci sunan mawaƙin a matsayin mai saƙon fata nagari, shi kuwa bayan 'yan kwanaki a dandamali a Pittsburgh ya nuna shakkar cewa shugaban ya taɓa sauraron "Nebraska", sannan ya rera "Johnny 99", labarin wanda aka rufe masana'antar motocin da yake aiki har ya kai ga kisan kai. Ka nemo kuma asalin waƙar da ya ɗauka a kaset ɗin nan na 1982, wadda ta fito a tarin "Tracks" a 1998, jita kaɗai ba ganga, ka jera su ka ji. Ranar da na fassara wa Kawu baitocin, ya riga ya ajiye tuƙi, yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce, "Ɗana, sake sa mini ita daga farko."

Kafin ka bar albam ɗin ka ƙara layi a shafin mota. A "My Hometown", waƙar ƙarshe, uba ya ɗora ɗansa a cinya yana riƙe da sitiyari suna zaga gari yana ce masa wannan garinku ne. Shekaru suka wuce, shaguna suka rufe, aka rufe masaƙa, yaron ya girma yana shawara da matarsa su yi ƙaura, sai ya ɗora nasa ɗan a cinya ya faɗa masa magana iri ɗaya. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda ta koma, zai ji kamar da shi ake.

Abin da ya biyo baya za ka iya binsa da sauri a zagayen farko. "Tunnel of Love" na 1987 a kan aure ne da zargi da shakka. A 1989 ya sallami makaɗansa, ya dawo da su a 1999. "The Rising" na 2002 amsa ce ga harin 11 ga Satumba, 2001, kuma "Letter to You" na 2020, wanda suka ɗauka gaba ɗayansu a cikin 'yan kwanaki, waƙoƙin dattijo ne da abokan ƙuruciyarsa suka riga shi tafiya.

Wasannin dandamali

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu bin Springsteen sun daɗe da yin ittifaƙi cewa wanda bai ga wasansa ba rabinsa ya sani. Wasansa yakan kai awa uku, kuma a Helsinki ta ƙasar Finlan, ranar 31 ga Yuli, 2012, ya yi awa huɗu da minti shida yana da shekara 62. A 1988 ya yi wasa a Barlin ta Gabas tun katangar da ta raba birnin biyu tana tsaye, kuma a shekarar ce ya zo Afirka tare da Youssou N'Dour na Senegal da wasu mawaƙa a rangadin ƙungiyar Amnesty International na kare haƙƙin ɗan'adam, suka yi wasa a Harare da Abidjan. Tun da bidiyo yana cin data da caji, ka sauke wasa ɗaya a lokaci guda, ka raba shi dare biyu ko uku, kuma idan da hali ka kalla da aboki ɗaya da ya bi faya-fayan tare da kai.

Ka fara da wasan Landan na Nuwamba 1975 a zauren Hammersmith Odeon. Ya buɗe da "Thunder Road", amma ba kamar ta albam ba: fiyano kaɗai da harmonika, a hankali, cikin duhu, saurayin da ke cika baki a faifai ya koma mai roƙo. Wannan shi ne abu na farko da za ka riƙa nema a kowane wasa, wato yadda waƙa ɗaya ke sauya ma'ana idan an sauya mata kiɗa, kamar yadda Bakandamiya ba ta taɓa fita iri ɗaya sau biyu ba. Abu na biyu, ka ɗauke idonka daga kansa ka kalli mai ganga, Max Weinberg, wanda ba ya ɗauke ido daga ubangidansa, domin jerin waƙoƙin da aka rubuta kafin wasa yana iya sauyawa nan take, wani lokaci saboda wani ɗan kallo ya ɗaga kwali da sunan waƙar da yake so. Waƙa tana ƙarewa zai ƙirga ɗaya zuwa huɗu da ƙarfi, wata ta kama ba hutu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu a wajen biki ya ga yadda suke karanta kafaɗar mawaƙi zai gane wannan horo. Abu na uku, ka saurari 'yan kallo, domin su ne 'yan amshinsa. A "Hungry Heart" yakan miƙa musu makirufo su rera baitin farko gaba ɗaya kafin ya buɗe baki.

Daga nan ka nemi tarin "Live/1975–85" da ya fito a 1986, mai waƙoƙi arba'in, sauti ne ba bidiyo, ka je kai tsaye ga "The River". Kafin ya fara rerawa ya yi doguwar magana, jita tana tafiya a hankali a ƙarƙashi, a kan yadda suke faɗa da mahaifinsa saboda tsawon gashinsa da jitarsa, uban yana ce masa yana jiran ranar da soja za su ɗauke shi su mai da shi namiji. Takardar kiran soja ta zo a lokacin yaƙin Biyetnam, ya ɓace kwana uku, ya je gwajin lafiya bai ci ba, ya dawo gida ya tarar da uban a kicin. Uban ya tambaye shi inda ya je, ya faɗa masa, ya ce ba su ɗauke shi ba, sai uban ya ce hakan ya yi kyau. Ka ƙara wannan a shafin uba, ko da yake ba waƙa ba ce.

Wasan da ya fi kusa da mu shi ne na New York da aka ɗauka a shekarar 2000, aka fitar a 2001. A ciki akwai "American Skin", wadda ya yi a kan Amadou Diallo, Amadu Jallo a bakinmu, matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 23 da 'yan sanda huɗu suka harba sau 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ranar 4 ga Fabrairu, 1999, harsashi 19 suka same shi, alhali walat ɗinsa ya ciro ba makami ba. Shugabannin ƙungiyar 'yan sandan birnin sun nemi a ƙaurace wa wasanninsa saboda waƙar, amma ya rera ta. Ka lura da yadda ya nemi jama'a su yi shiru, da yadda makaɗan ke maimaita adadin harsasan ɗaya bayan ɗaya, da baitin da uwa ke shirya ɗanta zuwa makaranta tana yi masa nasihar yadda zai yi idan ɗan sanda ya tsayar da shi: ya yi ladabi, kada ya gudu, ya bar hannuwansa a fili. Ka lura kuma cewa baitin farko ta idon ɗan sandan aka kalli abin, yana durƙushe a kan wanda ya harba yana addu'ar kada ya mutu. Tambayar nan ta wa ke magana tana aiki a nan fiye da ko'ina.

Clarence Clemons ya rasu a 2011, kuma a rangadin 2012, idan aka zo baitin da ke ambaton ranar da ya shiga ƙungiyar a "Tenth Avenue Freeze-Out", sai kiɗa ya tsaya cak, a bar jama'a suna tafi na tsawon lokaci, ɗan ɗan'uwansa Jake yana riƙe da saksofon a madadinsa. Ka nemi ɗaya daga waɗannan ka kalla.

Na ƙarshe da za ka kalla shi ne "Springsteen on Broadway", wasan da ya yi daga 2017 zuwa 2018 a wani ƙaramin zauren da bai cika kujera dubu ba, shi da jita da fiyano, wanda Netflix ta fitar a Disamba 2018. Magana ta fi waƙa yawa a ciki, don haka ka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan allo, ka riƙa tsayarwa kana komawa baya. A nan ne ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa aiki a masana'anta ba duk da cewa a kanta ya yi ta rubutu, kuma kayan aikin mahaifinsa ya ara ya sa ya hau dandamali da su. Idan ka zo wurin, ka buɗe littafinka a shafin uba da shafin mota, ka sa su a gabanka, sannan ka bar shi ya rera "Thunder Road" a karo na uku, ka rubuta a ƙasan abin da ka rubuta game da ta albam da ta Landan wanda kake jin yana magana yanzu, da wadda yake magana da ita.